Baƙon da Fada Crisóforo Ya Bar Mini

Lahadi, 17 ga Afrilu 1927, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Ista. Fada Crisóforo ya yi mana Misa a rumfar shanun Don Liborio, shi sanye da wandon manoma, mu muna korar kaji da ƙafa. Wata na tara ke nan cocin San Bartolo a rufe. Babu ƙararrawa, babu waƙa, kowa na amsa addu'a ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Duk mutanen ƙauyenmu El Tepozán sun karɓi Jibi, gurasar Ubangiji, ban da ni. Ƙawata Chona ta zungure ni da gwiwar hannu har sau biyu, na yi kamar ban ji ba.

Dalili kuwa, jiya a wurin ikirari Fada ya hana ni gafara. Shekara talatin da ɗaya ina wanke ƙyallayen bagade ina goge su, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba, amma ya dube ni ya ce, "Nila, sai kin janye bakin da kika yi wa ɗanki. Ki je ki yi masa magana, sannan ki dawo." Na ce Fada, kai da bakinka ka ce gonar da gwamnati ta ƙwace ta raba ta sata ce. Ya ce, "Na faɗa, ban kuma janye ba. Amma ban ce ki tsine wa Melquíades ba. Wannan ke kika ƙara."

Bayan Misa ya biyo ni gida. Ya ciro ɗan gwangwanin azurfan nan mai kama da agogon aljihu daga ƙirjinsa. A ciki akwai Jikin Ubangiji, gurasar da ya tsarkake, guda biyar, na marasa lafiyan ƙauyukan bayan dutse. Ya ce sojoji na laluben duk wanda ya bi ta gada, ba zai tsallaka da shi ba. Alhamis zai dawo ya ɗauka ya bi wata hanya.

Na ce me ya sa gidana, ni da ba a ma yarda na karɓa ba? Ya yi 'yar dariyarsa ya ce, "Gidan uwar mai riƙe da bindigar gwamnati ne. Shi za su bincika a ƙarshe."

Ya naɗe gwangwanin a farin ƙyalle, ya sa a ƙasan akwatin wankina da hannunsa. Ya ce fitila ta riƙa ci dare da rana. Ya ce, "In ban dawo ba kuma abu ya ɓaci, ki cinye. Bishop ya ba da izini. Kada ki taɓa da hannu, ki ɗauka da harshe, kina cikin azumi. Amma kin san abin da ke gabanki kafin nan. In kin gama da shi, ki yi addu'ar tuba da zuciya ɗaya. Allah ba sai ya jira ni ba."

Daga yau in zan rubuta zancensa zan riƙa cewa Baƙo, ko littafin nan zai faɗa hannun da bai kamata ba. Ko da yake na riga na rubuta komai a sama. Haka nake.

Litinin, 18 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Na fito da jar fitilar coci, wadda na ɓoyo a mayafina ranar da aka rufe ƙofa. Na ɗora ta a alkuki, daidai saman akwatin. Man fitilar kwalba ɗaya ne. Har yanzu bakin gilashin na nan da tsaguwar da wani ya yi masa shekarun da yake yi wa Fada hidima a bagade.

Na kwana a madafa. Ba zan yi minshari a gabansa ba.

Talata, 19 ga Afrilu, tsakar rana

Ban ci ban sha ba tun tsakar dare, sai yanzu. Haka zan riƙa yi kullum, don kada ranar ta zo ta same ni da abinci a ciki. Tortiya uku, wato gurasar masara, da wake da barkono.

Chona ta shigo aron dutsen niƙa, ta ga jar fitila, dutsen ya kusa faɗo mata a ƙafa. Ta zube a gwiwa. Ita ta riƙe Melquíades ranar baftismarsa, shekara talatin muna kiran juna komadre, na kuma san bakinta. Na ce, "Komadre, in wannan maganar ta fita, ni da ke ne." Ta ce, "Haba komadre, ni? Kabari ce ni." Na ce kabarin da kowa ya san abin da ke cikinsa.

Alhamis, 21 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na share gida sau biyu. Na dafa wa Fada atole, kunun masara, da kirfa yadda yake so. Bai zo ba.

Juma'a, 22 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Bai zo ba.

Asabar, 23 ga Afrilu, hantsi

Kabarin ya buɗe. Da safen nan ina shara a ƙofa, masu zuwa ɗiban ruwa suka wuce, kowacce ta zo daidai ɗakina sai ta ɗan rusuna da gwiwa ɗaya, da tulu a kafaɗa. Maza kuma su cire hula. Ko mai jaki da kaya sai ya cire, ya yi taku uku, ya mayar. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya kalle ni. Su a ganinsu sun iya sirri.

Na tare Don Liborio, tsohon mai buga mana ƙararrawa. Na ce don girman Allah ka gaya musu su daina. Ya ce, "Doña Nila, shekarata saba'in da tara. Hannun nan ba ya shawara da ni, da kansa yake zuwa." Yana maganar hularsa na ƙirjinsa.

Ya zauna a dakali ya ɗauko tsohon zancensa. Wai yana ɗan yaro ya ga an fito da matan zuhudu daga gidansu a birni, aka mai da ɗakin addu'arsu wurin ɗaure dawaki. Waɗanda suka yi hakan duk ya ga jana'izarsu, kowannensu kuwa da ya ji mutuwa sai da ya aika a kira fada. Ya ce shi gwamnati goma sha ɗaya ya ƙirga, ƙararrawa kuwa ɗaya ce. Ni dai abin da na sani, ƙasar nan a ƙarƙashin mayafin Budurwa Maryamu ta Guadalupe aka haife ta, tun kafin a san ofis. Yanzu wani mai hatimi ya ce sai ya ƙirga mana fadoji ya ba su lasin, kamar masu sayar da giya. Gobe sai ya ce zunubi ma a kai ofis a yi masa rajista.

Lahadi, 24 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Lahadi babu Misa. Mata bakwai sun zo mun ja carbi a ɗaki, na sa su shiga ɗaya-ɗaya ta baya. Da za su fita duk suka bi ta gaba, a jere, suna rusunawa.

Litinin, 25 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

An manna takarda a jikin bishiyar bakin rijiya. Don Liborio ya karanta. Kowa ya bar ƙauye ya koma cikin San Bartolo kafin Juma'a shida ga Mayu. Wai mu ke ciyar da 'yan Almasihu Sarki, masu yaƙi da gwamnati, da ke kan dutse. Gaskiya ne, mu ne. Duk wanda aka samu bayan ranar, an ɗauke shi ɗan tawaye. Za a ƙona gidaje da rumbuna. A gada za a caje kowa, har mata, akwai matan sojoji da aka ajiye don wannan.

To Baƙo ba ya tsallaka gada, ba ya zama a gida. Kwana goma sha ɗaya.

Fada zai dawo kafin nan.

Talata, 26 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Chona ta dawo daga kasuwar San Bartolo babu kwandonta. Ta tsaya a ƙofa ta faɗi abin da ta gani a rataye a tashar jirgin ƙasa, a sandar waya ta uku. Ba zan rubuta ba. Ta ce ba ta ga fuska sosai ba, takalman ta gane, irin na Fada, waɗanda aka yi wa faci da fatar sirdi.

Mutane da yawa suna da takalma masu faci.

Ta ce kuma ana cewa wani ɗan gari ne ya nuna wa sojoji hanya. Na ce ta tafi gida.

Laraba, 27 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Man fitila ya kai rabi.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Na wanke ƙyallayen bagade duka, masu tsabta ne ma. Na goge. Na ninke kashi uku yadda ake yi. Hannu dai ya sami aiki.

'Yan gonar gwamnati su ashirin ne da wani abu. Ba Melquíades kaɗai ya san hanyoyin dutse ba.

Alhamis, 28 ga Afrilu, tsakar rana

Tunda babu wanda zan yi wa ikirari, bari in rubuta yadda aka yi.

Wata goma sha huɗu ke nan. Melquíades ya shigo da takardar gona a hannu, bindiga a kafaɗa, yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce, "Mama, eka shida. Namu." Na ce na Don Evaristo dai, wanda aka ƙwace wa. Ya ce, "Baba ya yi shekara arba'in yana noma wa Don Evaristo, ya mutu da tarin jini, ko akwatin gawa mu muka haɗa da katakon ƙofa. Shi kuwa yana kujerar gaba a coci da matashi a gwiwa." Na ce hisabin Don Evaristo na wurin Allah, ba na wurin mai hatimi ba. Na ce wanda ya ba ka gona da hannun dama ya ba ka bindiga da hagu, gobe zai nuna maka wanda za ka harba. Ya ce, "Ni ban bar addini ba, Mama, masara kawai nake so in shuka."

Ya durƙusa yadda ya saba in zai fita, don in sa masa alamar gicciye a goshi ya sumbaci hannuna. Na ɓoye hannuna a mayafi. Na ce hannun nan ba zai ƙara taɓa goshinka ba, ƙafata ba za ta taka gonar ba, kada Allah ya sa ka ci amfaninta da daɗi. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya sa hularsa.

Bayan wata biyar aka rufe coci, aka kira masu bindigar gwamnati su raka sojoji. Ashe na yi gaskiya. Na yi gaskiya, ga shi ita ce ta tokare ni a wuya.

Juma'a, 29 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na je wurin Chona na ce ta zo ta cinye Baƙo, ita da ta sami gafara ranar Asabar ta Ista. Tana ɗaure kaji don tafiya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba zan ci ba."

"Komadre, za su ƙona gidan."

"Ke aka ba amana. Da ni yake so da gidana ya zo."

"To in kai wa Don Liborio."

"Na riga ki zuwa. Shi ma ba zai ci ba."

Na ce wato haɗa kai kuka yi. Ta ce, "Yaron nan ni na riƙe shi a bakin ruwan baftisma, na amsa wa Allah a madadinsa. Wata goma sha huɗu ina kallonki kina taurin kai kamar alfadarin Liborio. Hanyar gonarsa ba ta ɓace ba."

Na ce in kuma shi ne ya nuna hanya fa?

Nan ta ɗago. Ta ce, "Fada ya ce miki sai in ba shi ba ne?"

Na dawo gida ban yi mata sallama ba. Haushinta nake ji har yanzu.

Asabar, 30 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Man coci ya ƙare. Na daka 'ya'yan zurma na tafasa na kwashe mai. Yana hayaƙi, yana wari, amma yana ci. Na ba Baƙo haƙuri, na ce gidan talaka ya sauka.

Keken shanu huɗu sun fita yau. Suna wucewa ta ƙofata da katifu da aladu da tsofaffi a sama, kowa na cire hula. Akwai sojoji biyu a bakin rijiya suna shayar da dawaki. Sun tsaya suna kallo.

Lahadi, 1 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Kwana biyar.

Litinin, 2 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Sun zo da hantsi. Hafsan soja ɗaya, siriri, mai tsabtar farce, ɗan arewa daga jin maganarsa, da sojoji uku. Na biyar ɗinsu ba soja ba ne, Melquíades ne. Ya rame. Gemun bai yi masa kyau ba.

Hafsan ya ce, "Baaba, an ce gidanki ya fi fadar gwamna kwarjini. Kowa sai ya cire hula. Me kika ajiye?" Na ce talauci. Ya yi dariya ya ture ni ya shiga, ya ce wa Melquíades ya biyo shi, tunda gidansu ne.

Na ga lokacin da idon Melquíades ya sauka a kan jar fitila, a kan tsaguwar nan. Na ga gwiwarsa ta dama ta ɗan karye, na ga hannunsa ya taso zuwa hula. Hafsan ba ɗakin yake kallo ba, shi yake kallo. Ashe abin da ya kawo shi da shi ke nan.

Hannun ya wuce hular ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai taba?"

Hafsan ya miƙa masa ɗaya. Ya tako da hularsa a ka, ya sunkuya, ya kunna ta a fitilar Ubangiji. Ya busa hayaƙi. Sannan ya juya ya zauna a kan akwatin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmi duk kashin doki.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ji ta.

Ya ce, "Ka ji ta ko? A kan akwatin nan aka shimfiɗe gawar babana. Tun daga ranar ta kunna masa fitila, ba mai zama a kai. Mutanen nan kuwa, ko jaki ne ya mutu a gida sai su shekara suna cire masa hula. Ta ɗan taɓu, ranka ya daɗe. Ni ma ta tsine mini, tambayi kowa."

Hafsan ya ce, "Da gaske, baaba? Kin tsine wa ɗanki?"

Na ce da gaske.

Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce a je a duba sauran wurare. Suka soke jinka da bakin bindiga, suka zubar da masara, suka fasa tulu biyu, suka yage hoton Budurwa suka tafi da kajina uku. Duk tsawon lokacin yana zaune a kan akwatin yana zuƙar taba yana ba hafsan labarin wata alfadara. Bai tashi ba sai da hafsan ya fita. Bai kalle ni ba.

Melquíades ba ya shan taba. Fuka gare shi tun yana shekara huɗu, ko hayaƙin murhu ba ya jurewa. Na ji tarinsa har suka sha kwanar rijiya.

Na wanke murfin akwatin sau uku.

Talata, 3 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Ranar Gicciye Mai Tsarki. Da ana lafiya da yanzu muna kan dutse da furanni da wasan wuta.

Ya zauna a kansa. Da hula. Da kashin doki.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Chona ta zo sallama, kekensu na jira. Na gaya mata duk abin da ya yi. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta ce, "To wa kike so ya buɗe akwatin, hafsan?"

Na ce ai da wata dabarar.

Ta ce, "Wacce? Faɗa mini, ke mai wayo." Ta gyara mayafi. "Jiya mijina ya gan shi bayan katangar Liborio, ya dafa dutse yana amai yana kuka. Wai taba ce. Ni dai na faɗa miki, kabari ce ni."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta fito ta rungume ni. Ta ce za ta kama mini wuri a zauren ƙanwarta. Da keken ya motsa ta ɗaga murya ta ce, "Ran Almasihu Sarki ya daɗe!" Mijinta ya ce ta rufe masa baki kafin ta sa a rataye su.

Laraba, 4 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Saura ni da Don Liborio da karnuka. Shi ma gobe jikokinsa za su ɗauke shi.

Na zauna gaban akwatin tun rana. Na ce wa Baƙo ni ban iya ba. Na ce in ya tabbata Melquíades ne ya nuna hanya, ina zan kai albarkar da na sa? Ba a amsa mini ba, ban kuma sa ran amsa ba. Amma na tuna Fada bai taɓa tambayata ko Melquíades ya cancanta ba. Ni yake tambaya.

Mai na kwana ɗaya ya rage. Ba zan ci komai ba daga tsakar dare.

Alhamis, 5 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na fita gari na wayewa, ko ruwa ban kurɓa ba. Na bar Don Liborio a ƙofar ɗaki da sandarsa. Tafiyar awa biyu ce, rana ta fito da zafinta tun kan hanya.

Na gane gonar tun daga nesa, don katangar dutsen irin ɗaurin babansa ce, manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani. Ya gyara ƙasa tsaf yana jiran ruwan Yuni. Yana can ƙarshe yana tsintar duwatsu, bindigar jingine da bishiya. Na tsaya a bakin katanga na ɗan lokaci. Sannan na ɗaga siket na tsallaka. Ƙasa ce kamar kowace ƙasa.

Ya gan ni ya miƙe, dutse a hannu. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Ka rame."

Ya ce, "Ke ma, Mama."

Na ce, "Durƙusa."

Ya cire hula ya durƙusa a cikin kunya. Na ce bakin da na yi maka na janye, a gaban Allah da wannan ƙasa. Na ce har yanzu ina ganin ba taka ba ce, kada ka ɗauka na canja. Amma ka shuka, ka girba, ka ci da daɗi. Na sa masa gicciye a goshi da baki da ƙirji. Ya kama hannun ya ƙi saki.

Ya ce, "Mama, zancen Fada..."

Na ce, "Riƙe abinka."

"Ki bari in gaya miki yadda..."

"Na ce riƙe. Na sa albarkar ban sani ba, haka nake so ta tsaya. In ka faɗa mini yanzu ban san abin da zuciyata za ta yi ba, ga aiki a gabana. Ka ajiye wa fadan da zai zo. Wani zai zo."

Ya ɗora ni a jakinsa, shi yana ƙasa. Da ya ga leɓena ya bushe ya miƙo goran ruwa, sannan da kansa ya tuna ina azumi ya mayar.

Mun iso rana tsaka. An riga an ɗauke Don Liborio, ya bar sandarsa a gicciye a bakin ƙofa. Fitila na ci da ƙyar. Melquíades ya ajiye bindiga a waje, ya cire takalma, abin da ba wanda ya sa shi. Na wanke hannu, na fito da ƙullin, na shimfiɗa farin ƙyallen a kan akwati. Da gefen ƙyallen na buɗe murfin gwangwanin. Na yi addu'ar tuba. Da zuciya ɗaya ko da ɗaya da rabi, Shi ya sani.

Na sunkuya ke nan sai na ji murya a bayana. Addu'ar furta laifi ce da Latin, wadda mai hidima ke yi kafin a ba mutane Jibi. Ni na ma manta ana yinta. Shekara goma sha biyar rabonsa da bagade, bai tsallake kalma ɗaya ba. Da ya zo wurin bugun ƙirji sau uku, na ji bugun har inda nake.

Na ɗauka da harshe, ɗaya bayan ɗaya, biyar. Ban taɓa da hannu ba. Na zuba ruwa kaɗan a gwangwanin na shanye. Shi bai matso ba, ya san ba shi da rabo yau. Goshinsa na ƙasa.

Ni na hure fitilar.

Gwangwanin da gilashin mun binne su a gindin katangar baya, ya ɗora dutse mai faɗi. Sannan na hura wuta na dama atole da sauran kirfar da na ajiye wa Fada. Ya sha kofi biyu, yana tari.

Juma'a, 6 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma, San Bartolo

A gada wata matar soja ta lalube ni daga wuya har ƙafa, ta kwance mini kitso, ta zazzage akwatin wanki. Ta ce, "Tsohuwa, ba ki ɗauko komai ba?" Na ce abin da na ɗauko ba ya fita da lalube. Ta ce in wuce, mahaukaciya. Littafin nan yana cikin buhun masarar da ke kan jakin Melquíades, shi ba a caje shi.

Daga kan gada ana hango hayaƙin El Tepozán. Na ƙirga har na gane nawa, sannan na daina kallo.

Ya kawo ni ƙofar ƙanwar Chona ya sauke kaya. An kira su, gobe za su fita da sojoji, bai faɗi ina ba, ban tambaya ba. Titi cike da mutane da awaki da sojoji. Hafsan nan na tsaye a ƙofar kantin magani, yana kallonmu.

Melquíades ya gan shi sarai. Ya cire hularsa, ya durƙusa a tsakiyar titi, ya ce, "Mama, sa mini albarka."

Na sa masa.